Sharhi: Kulorokin, korona da editocin da suka bar ƙofa a buɗe

A ranar 17 ga watan Disamba na shekarar 2024, wata mujallar kimiyya mai suna International Journal of Antimicrobial Agents ta sanar da janye wata maƙala da ta buga tun watan Maris na 2020. Sanarwar ba ta yi amo ba a Yamai ko Maraɗi, ba ta zaga rukunonin WhatsApp ba, alhali maƙalar da aka janye ita ce wadda ta sa duniya ta rufa kan kulorokin a farkon annobar korona. Duk wanda ya kai shekara ashirin a yau zai iya tuna lokacin: an rufe makarantu, an taƙaita zirga-zirga, saƙonnin murya na yawo daga waya zuwa waya cewa wani babban likitan Faransa ya gano maganin cutar, kuma maganin ba wani baƙo ba ne, dangin nibakin ne da iyaye suka sha shekara da shekaru domin zazzaɓin cizon sauro.

Shekara huɗu da wata tara aka ɗauka kafin mujallar ta amsa cewa ba za ta iya tsaya wa abin da ta buga ba. Wannan jinkiri, da kuma yadda aka bari maƙalar ta shiga tun farko, sun isa su sa a tambayi masu riƙe da mujallun ilimi: me hatiminku yake nufi?

Ga wanda bai saba da harkar ba, ga yadda abin yake tafiya. Idan mai bincike ya kammala aikinsa, sai ya rubuta maƙala ya aika wa mujalla. Edita ya duba, in ya ga ta cancanci a ɓata mata lokaci sai ya tura wa masana biyu ko uku na wannan fanni, waɗanda galibi marubucin bai san ko su wane ne ba, kuma galibi ba a biyan su ko dala. Su ne za su bi ta layi-layi, su tambayi yadda aka zaɓi marasa lafiya, yadda aka yi lissafi, ko sakamakon ya kai girman abin da marubucin ke iƙirari. Wannan ita ce tantancewar takwarori. Aikin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, maƙala ta je ta dawo ana gyara. A ƙarshe edita ne ke yanke hukunci, kuma daga ranar da ya sa hannu, maƙalar ta tashi daga zancen mutum ɗaya ta koma abin da minista zai iya dogara da shi, likita ya rubuta magani da shi, ɗan jarida ya ce “bincike ya nuna”.

To ita wannan maƙala ta kulorokin, rubuce yake a jikinta cewa an karɓe ta ranar 16 ga Maris, an amince da ita ranar 17, ta fito ranar 20 ga Maris na 2020, wato kwana ɗaya bayan Nijar ta sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar a ƙasar. Marubutanta 18 ne, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Didier Raoult, wanda a lokacin yake shugabantar wata cibiyar nazarin cututtuka masu yaɗuwa a birnin Marsey, mutumin da aka haifa a Dakar, wanda sunansa ke da nauyi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A cikin waɗannan 18 akwai Jean-Marc Rolain, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar ta Raoult, kuma shi ne babban editan mujallar da ta buga maƙalar a wancan lokaci.

Ƙungiyar masanan da ke da mujallar ta bayyana daga baya cewa Rolain bai sa hannu a tantancewar ba, wani mataimakin edita aka miƙa wa aikin. A yi adalci, haka ƙa'ida ta tanada. Sai dai ko yaro ya san nauyin da ke kan ƙaramin ma'aikaci idan takardar maigidansa ce a gabansa, kuma kwana ɗaya ba ya isar kowane masani ya bincika gwajin magani yadda ya kamata. Da an bincika, abin da masu karatu suka gano cikin ƴan kwanaki ba zai ɓoyu ba. Mutum 26 aka fara ba maganin hidroksikulorokin, ƙanwar kulorokin, amma 20 kawai aka sa a lissafi. Sauran shidan fa? Uku an kai su sashen masu matsanancin hali, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya ya daina shan maganin saboda tashin zuciya. Ma'ana, waɗanda jikinsu ya fi tsanani an fitar da su daga ƙidaya, sannan aka ce magani ya yi aiki. Mutum 16 da aka kwatanta da su kuma ba ta hanyar ƙuri'a aka ware su ba, wasunsu ma a wasu asibitoci daban suke. Ɗalibin likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ya kawo irin wannan aiki a kundin kammala karatunsa, malamansa za su mayar masa da shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ranar 21 ga Maris shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi haɗin maganin a shafinsa na Twitter, har ya ambaci sunan mujallar. A Legas hukumomin lafiya suka sanar da kwantar da mutanen da suka sha kulorokin fiye da kima. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je Marsey takanas ya gana da Raoult ranar 9 ga Afrilu. Senegal da wasu ƙasashen nahiyar suka sa maganin a tsarin jinyar masu korona. Inda nema ya yi yawa kuwa, ƴan jabu ba sa barci: a watan Afrilu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta fitar da gargaɗi kan jabun kulorokin da aka gano a Kamaru, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Nijar. Tsakanin teburin edita a Turai da farantin mai tallar magani a bakin tasha, makonni biyu kacal aka yi.

Tun ranar 3 ga Afrilu na 2020 ƙungiyar da ke da mujallar ta fito ta ce maƙalar ba ta kai matsayin da take buƙata ba. Ta faɗi haka, ta kuma bar ta a shafinta. Masana suka yi ta rubuce-rubuce, cikinsu har da Elisabeth Bik, ƴar ƙasar Holand da ta shahara wajen bankaɗo maguɗi a maƙalun kimiyya, wadda ta zayyana kurakuran tun makon farko, sakayyarta kuma ita ce zagi a intanet da ƙarar da Raoult ya shigar a kanta a 2021. Kafin a janye maƙalar an ambace ta a wasu ayyukan bincike fiye da sau 3,000. Da sanarwar janyewa ta zo, ta ƙara da wani abu mafi muni: mujallar ta ce ta kasa tabbatar da cewa ba a fara sa marasa lafiya a gwajin ba kafin a samu izinin kwamitin ɗa'a, akwai kuma shakku kan ko an nemi yardarsu yadda ya dace kafin a ba su azitiromisin. Takardar izini ita ce abu na farko da edita ke da haƙƙin ya ce a nuna masa, kuma mutanen yankin nan sun san darajarta: har yau ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara 200 a Kano ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda daga baya aka gano cewa an rubuta takardar izinin ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Wani zai ce ai ƙaramar mujalla ce, manyan ba sa haka. Abin takaici, kan wannan magani dai babbar ma ta faɗi, kuma ta ɗaya ɓangaren ta faɗi. Ranar 22 ga Mayu na 2020 mujallar The Lancet ta Birtaniya, wadda ake bugawa tun 1823, ta fito da wani bincike mai cewa an nazarci bayanan marasa lafiya 96,032 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, aka gano cewa kulorokin da ƙanwarsa na ƙara yawan mace-mace da rikicewar bugun zuciya. Girman adadin ya rufe wa kowa baki. Bayan kwana uku OMS ta dakatar da gwajin maganin a babban bincikenta na ƙasa da ƙasa, ranar 27 ga Mayu kuma Faransa ta soke izinin amfani da shi ga masu korona.

Duk bayanan daga wani ƙaramin kamfani na Amurka suka fito, mai suna Surgisphere, wanda shugabansa Sapan Desai na cikin marubuta huɗu na maƙalar. Ba editoci ne suka fara shinshino matsala ba. Ƴan jaridar Guardian ne suka lura cewa maƙalar ta ce mutum 73 sun mutu a asibitoci biyar na Ostireliya zuwa ranar 21 ga Afrilu, alhali a wannan rana ƙasar baki ɗaya 67 ta ƙirga. Sai kuma masana fiye da ɗari suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ranar 28 ga Mayu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka tsaya a kai shi ne Afirka. Kamfanin ya ce yana da cikakkun bayanan mutum 4,402 daga asibitocin nahiyar, duka a kwamfuta, har da yanayin bugun zuciyar kowane ɗaya. A lissafin masu wasiƙar, hakan na nufin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu korona a Afirka a lokacin sun kwanta ne a asibitocin da ke hulɗa da wannan kamfani da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Duk malamin asibitin da ya taɓa cika babban rajista da biro a Damagaram ko Tawa, ya ga yadda ake neman katin mara lafiya a cikin kwali, zai yi dariya tun a shafin farko. Da a ce an tura maƙalar ga masani ɗaya da ke aiki a asibitin Afirka, da wuya ta wuce. Wannan darasi ne da manyan mujallu ba su cika son ji ba: zaɓen wanda zai tantance ma aikin edita ne, kuma idan duk masu tantancewa daga gari ɗaya suke, ƙarya kan sauran garuruwa za ta riƙa wucewa ta gabansu.

Da aka nemi kamfanin ya miƙa bayanan a bincika, ya ƙi. Marubuta uku suka nemi a janye, ranar 4 ga Yuni The Lancet ta janye, a ranar kuma mujallar New England Journal of Medicine ta janye wata maƙalar da aka gina kan bayanan kamfanin. Hatta ƙungiyar likitocin agajin gaggawa ta Afirka, wadda ta riga ta tallata wata manhajar auna tsananin korona da kamfanin ya ƙera, sai da ta nemi asibitoci su daina amfani da ita.

Kwana 13 ke nan tsakanin bugawa da janyewa. A watan Satumba na wannan shekara mujallar ta sauya ƙa'idojinta: dole marubuci fiye da ɗaya ya shaida cewa ya ga bayanan da idonsa ya kuma tabbatar da su, kuma maƙalar da aka gina kan tarin bayanai irin wannan sai an haɗa da masanin fannin a masu tantancewa. Ba a yaba wa The Lancet kan faɗuwarta, kuma ita ma tana da tsohon tabo, domin shekara 12 ta yi, daga 1998 zuwa 2010, kafin ta janye maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta allurar rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa ta yara bisa nazarin yara 12 kacal. Amma bambancin kwana 13 da shekara kusan biyar shi ne bambancin editan da ya ɗauki kuskure a matsayin nasa da wanda ya tsaya jiran ƙura ta lafa. Amsar gaskiya kan maganin kuwa daga wani wuri ta zo: ranar 5 ga Yuni na 2020 masu gwajin RECOVERY a Birtaniya, waɗanda suka ware marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, 1,542 da magani, 3,132 ba tare da shi ba, suka sanar cewa hidroksikulorokin bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar ba.

Wannan duka ba labarin Turawa kawai ba ne. Malamin jami'a a Yamai, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ba ya hawa matsayi sai ya kai kundinsa gaban CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Abin da ya fi nauyi a kundin shi ne maƙalun da ya buga. Albashi, muƙami, ikon jagorantar ɗaliban digirin dokta, duk a kansu suka rataya. Haka ɗalibin da ya tafi karatu Maroko, Turkiyya, Indiya, Sin ko Malesiya: a jami'o'i da dama ba zai kare kundinsa ba sai ya nuna maƙala da ta fito. Ga lokaci na ƙurewa, ga kuɗin tallafi na ƙarewa, ga manyan mujallu da tsada. Lokacin da mujallar Nature ta fara barin marubuci ya biya domin kowa ya karanta aikinsa kyauta, a 2021, Yuro 9,500 ta yanka, sama da miliyan 6 na sefa kan maƙala guda.

A wannan tsaka mai wuya ne mujallun biya-a-buga ke farauta. Saƙo ne zai shigo akwatin imel, cike da kirari, ana kiran ɗalibi “babban farfesa”, ana yi masa alƙawarin fitowa cikin mako ɗaya in ya tura ƴan daloli. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya gwada su: ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin kansa, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin shekarar farko zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amince za su buga. Sunayen marubutan da cibiyoyinsu duk na ƙarya ne, kuma na Afirka ya ƙirƙira, bisa hujjar cewa ba wanda zai yi mamaki in ya neme su a intanet bai same su ba. Hujjar tana da ciwo, amma ta nuna inda masu binciken nahiyar suke a idon kasuwar. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar dala miliyan 50 kan yaudarar marubuta. A 2023 kuma kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira, kamfanin Wiley ya saye shi, ya janye maƙalu fiye da 8,000 a shekara guda, bayan an gano cewa masu sana'ar ƙera maƙalu na sayarwa sun mamaye mujallunsa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Marubucin da ya biya ya san abin da ya saya. Sai dai tsarin da ke ƙirga maƙalu kamar buhunan gero, ba tare da ya buɗe ya ga abin da ke ciki ba, shi ke haifar da kasuwar. CAMES tana da kundin ɗa'a, kuma kwamitocinta na da ikon ƙin karɓar maƙalar da ta fito a mujallar da ba ta da inganci. Ya kamata a yi amfani da wannan iko a fili, da jerin sunayen da kowane matashin malami zai iya dubawa kafin ya tura kuɗinsa.

Mujallun cikin gida, na jami'o'i da na ƙungiyoyin likitoci da masana noma, su ne ya fi kamata su ɗauki darasin Marsey, domin yanayinsu ya fi kama da shi. A ƙasar da masana fanni ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, edita ya san marubuci, watakila shi ya koyar da shi, watakila surukinsa ne, watakila shi ne shugaban tsangayar da zai sa hannu a takardar hutunsa. Kunya da girmama na gaba, waɗanda abin yabo ne a zaure, a teburin tantancewa sukan zama hanyar da aiki maras kyau ke bi ya wuce. Maganin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Editan da sunansa ko na ɗalibinsa ke kan maƙala ya tura ta wata mujalla, in kuwa dole ne a buga a gida, a miƙa ta ga edita daga wata jami'a, a kuma rubuta hakan a ƙarƙashin maƙalar. A nemi masu tantancewa daga Bamako, Kano, Zariya, Dakar, da ƴan ƙasa da ke koyarwa a waje, waɗanda da yawansu za su amsa in an tambaye su. A buga ranar karɓa da ranar amincewa. Duk binciken da ya taɓa jikin mutum, kada ya shiga sai an ga takardar kwamitin ɗa'a na ƙasa da lambarta, an kuma kwatanta kwanan watanta da ranar da aka fara aikin. Sannan kowace mujalla ta rubuta tun yau yadda za ta janye maƙala in ta kama, tun kafin ranar da maƙalar za ta kasance ta wani babba. Kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE, da aka kafa a 1997, ya shimfiɗa matakan a shafinsa, kyauta.

Ƴan jarida ma suna da nasu kason. A 2020 kafafe da dama sun ɗauki maƙalar Marsey da ta Surgisphere duk da kalma guda, “masana sun tabbatar”, ba tare da sun tambayi mutum nawa aka gwada ko wa ya ga bayanan ba, kuma kaɗan ne suka koma suka gaya wa masu sauraro cewa an janye. Kwafin maƙalar da aka sauke a waya a watan Maris na 2020 yana nan yadda yake, babu jan hatimin janyewa a kansa, kuma har gobe ana iya tura shi. Ga ɗalibin da ke haɗa kundi, ko wanda ɗan uwa ya turo wa “binciken likitoci” daga gida yana tambaya ko gaskiya ne, akwai wurin dubawa: rumbun Retraction Watch, wanda ke tattara maƙalun da aka janye tare da dalilin janye kowace, a buɗe yake ga kowa tun watan Satumba na 2023. Ana rubuta sunan marubuci ko taken maƙala ne kawai a nema.